Harsashi a Maƙogwaro: Gardamar Masu Yawo da Ƙaramar Bindiga a Amurka

Da safe, a wani gida a jihar Teksas, mutum ya gama shirin fita aiki. Ya buɗe ɗan akwatin ƙarfe da ke gefen gado, ya ɗauko ƙaramar bindigarsa, ya tura gidan harsasai, wanda ake kira magazin, har ya ji ya ce ƙas. Abu guda ya rage masa. Ko dai ya kama ƙarfen saman bindigar ya ja shi baya ya sake, harsashi guda ya hau ya zauna a gindin bututu, ko kuma ya bar wurin wayam ya soke ta a kube haka nan. Wannan motsi bai kai daƙiƙa guda ba, amma a kansa masu ɗaukar bindiga don kare kai suka shafe shekara da shekaru suna sa-in-sa, kowane ɓangare yana ganin ɗayan yana wasa da rai.

Ga wanda bai taɓa riƙe irin wannan makami ba, ga yadda abin yake. Harsasai suna jere ne cikin magazin, ɗaya bisa ɗaya, a cikin mariƙin bindigar. Muddin suna can, ko sau ɗari aka ja kunama ba abin da zai tashi. Sai an ja ƙarfen sama baya an sake shi, shi ne zai kwaso harsashin farko ya cusa shi cikin ɗan kogon da ke gindin bututu, inda allurar bindiga za ta doki gindinsa. Wannan kogo shi zan riƙa kira maƙogwaro. In harsashi yana maƙogwaro, jan kunama kaɗai ya rage, ko kuma cire makulli, wato ɗan maɓallin da ke hana bindigar tashi, sannan a ja, gwargwadon ƙirar bindigar. In babu, dole sai mutum ya zaro ta, ya sa ɗaya hannun ya ɗana ta, sannan ta zama makami. Kafin nan guntun ƙarfe ce mai nauyi.

Dalilin da ya sa maganar ta yi zafi a Amurka shi ne yawan masu yin ta a aikace. A 2008 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar Heller, ta tabbatar da cewa mutum yana da haƙƙin ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kai. A 2022, a shari'ar Bruen, ta ce haƙƙin ya bi shi har waje. Zuwa 2024 jihohi 29 sun daina neman lasisi daga baligin da doka ba ta hana shi mallakar bindiga ba, in yana so ya ɓoye ta a jikinsa ya fita. Inda ba a neman lasisi kuwa, ba a tilasta horo. Wato mutum zai iya sayen bindiga yau, gobe ya shiga kasuwa da ita, ba wanda ya taɓa tsayawa a kansa ya ga yadda yake mayar da ita kube.

A Najeriya ba haka doka take ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin makaman da aka haramta, sai da izinin shugaban ƙasa, don haka yawancinmu tambayar ba za ta taɓa zuwa mana da wannan siffa ba. Sai dai ba baƙuwa ba ce gaba ɗaya. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta fito ta ce jama'a su nemi izinin mallakar bindiga saboda 'yan fashin daji, kuma kunnuwanmu sun saba da labarin bindigar jami'i da aka ce ta kufce a shingen bincike. Ina yaro akwai wani maharbi maƙwabcinmu. Bindigarsa ta toka takan jingine a kusurwar ɗaki a ɗure da albarushi, amma ba ya ɗana kunama sai ya wuce gonakin bayan gari. In yaro ya gifta ta gaban bakinta, ko tana jingine, sai ya sha tsawa, wani lokaci har da rankwashi. Shi bai taɓa jin sunan Teksas ba, amma tambayar da yake amsawa kullum ita ce ta mutumin can: yaya kusa da tashi zan bar ta, kuma a wane wuri?

Tsoron harsashi a maƙogwaro gado ne, kuma asalinsa gaskiya ne. Libarbar Colt ta 1873, wadda makiyayan yammacin Amurka suka yi yayi, tana da gurbin harsashi shida, amma masu hankali biyar suke zubawa, su bar gudumar bindigar, wato ƙarfen da ke kai bugu in an ja kunama, a kan gurbin da ba harsashi. Dalili kuwa, in gudumar tana kwance a kan harsashi, allurarta tana taɓa gindinsa. Bindigar ta faɗi daga kan doki, ko wani abu ya bugi gudumar, sai ta tashi ba tare da an taɓa kunama ba. Wannan lahani ya daɗe. Sai a 1973 kamfanin Ruger ya sake ƙirar libarbarsa mai irin wannan tsari, ya sa wani ɗan ƙarfe wanda ba ya barin bugun guduma ya kai ga allura sai an ja kunama har ƙarshe. Kamfanin Colt ma a 1983 ya ƙara wa bindigarsa mai suna 1911 wani abin tare allura. To wanda ya tashi a hannun uban da ya san tsohuwar ƙira, in ya ce maka kada ka bar harsashi a maƙogwaro, ba shirme yake faɗi ba. Nasiha ce da ta ceci rayuka a zamaninta.

Akwai wani tushe na biyu, na rundunoni. William Fairbairn, Bature ɗan Ingila da ya yi sama da shekara 30 a rundunar 'yan sandan birnin Shanghai kafin 1940, ya ga musayar wuta a lungunan birnin fiye da yawancin masu koyar da harbi. Rundunarsa gauraye ce, da Sinawa da Indiyawa da Turawa da Japanawa, kuma lokacin horo kaɗan ne. Sai ya sa aka kashe makullin hannu na bindigoginsu gaba ɗaya, ya umarci kowa ya ɗauke ta ba harsashi a maƙogwaro, ya ɗana ta a lokacin da yake zarowa. Daga baya Isra'ila, wadda bayan 1948 ta tara ƙananan bindigogi iri-iri daga ƙasashe daban-daban, kowace da inda makullinta yake, ta rungumi wannan hanya, har yau ana kiran ta salon Isra'ila. Hikimar a fili take. Kwamandan da ke da dubban matasa, da makamai kala goma, da 'yan makonni na horo, doka guda yake buƙata wadda za ta yi aiki a kan kowace bindiga. Lissafinsa na runduna ne: in ya rage harbin kuskure a bariki da kashi mai yawa, ya ci riba, ko da wani soja guda zai makara da rabin daƙiƙa wata rana. Soja kuma yawanci doguwar bindiga ce makaminsa na farko, yana da abokai a gefensa, yana kuma da labarin cewa ya shiga wurin haɗari.

Farar hula ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Shi kaɗai ne, ƙaramar bindigar ita ce kawai abin da yake da shi, kuma ba shi ke zaɓar lokaci ba. Nan ne ɗaya ɓangaren ya kafa hujjarsa. Jeff Cooper, tsohon hafsan sojan kundumbalar ruwa na Amurka wanda ya kafa makarantar harbi a Arizona a 1976, shi ya jera matakan shirin bindiga da lambobi, kuma har yau da lambobinsa ake magana. Mataki na uku shi ne magazin a cike, maƙogwaro wayam. Mataki na ɗaya shi ne harsashi a maƙogwaro, guduma a ɗane, makulli a rufe. Cooper na ɗaya ya koyar. A 1983 kuma wani sajan ɗan sanda a birnin Salt Lake, Dennis Tueller, ya auna wani abu mai sauƙi: mutum mai lafiya da wuƙa a hannu, in yana tsaye ƙafa 21 daga gare ka, wato mita 6 da ɗoriya, zai iso ka cikin kimanin daƙiƙa ɗaya da rabi. Wannan kuma shi ne kusan lokacin da ɗan sanda mai horo yake ɗauka ya zaro bindiga ya yi harbi, bindigar da take a shirye tun farko. Ɗan fashi ba daga mita shida yake sallama ba. Yakan matso ne da tambayar hanya ko ta ƙarfe nawa, sai ka ga ya riga ya shigo jikinka.

Mutane sukan tsaya a kan lokaci, su yi ta gardamar rabin daƙiƙa. A ganina ba nan gizo yake saƙa ba. Gwani da ya yi atisaye dubbai zai ɗana bindiga yana zarowa, ƙarin lokacin ƙiftawar ido ne. Matsalar ita ce hannu. Ɗana bindiga aikin hannu biyu ne, kuma a ranar da ake buƙatar ta da ƙyar hannu biyun za su kasance naka. Ɗaya yana tare wuƙa, ko yana ture wanda ya shaƙe maka kwala, ko yana riƙe da yaro, ko yana kan sitiyari, ko kuma an riga an sare shi. Na taɓa kallon wani malamin harbi yana nuna wa ɗalibansa wannan da harsasan roba marasa albarushi. Ya ba wani magidanci jakar yashi mai nauyin jariri ya ce ya rungume ta da hagu, kada ya kuskura ya yar, sannan ya busa usur. Mutumin ya zaro bindiga da dama lafiya lau, sai ya tsaya cak, yana kallon jakar, yana kallon bindigar. Ya yi ƙoƙarin matse jakar da gwiwar hannu ya kai yatsunsa ga ƙarfen sama, bakin bindigar ya zagayo ya kalli cikinsa. Malamin ya daka tsawa ya tsayar da shi. Ba wanda ke bin sa da wuƙa, ba duhu, ba jini, amma gumi ya jiƙa masa riga. Akwai dabarar ɗana bindiga da hannu ɗaya, a maƙala ta a bel ko a dunduniyar takalmi a danna, sai dai dabara ce ta wanda ya riga ya shiga uku, ba abin da mutum zai gina shirinsa a kai ba.

Sannan ɗanawar kanta tana iya ɓaci. In tsoro ya kama mutum, yatsu sukan yi nauyi, tafi ya yi santsi. Wanda bai ja ƙarfen har ƙarshe ba, harsashi ba zai hau ba, zai ja kunama ya ji shiru. Wanda ya raka ƙarfen da hannu maimakon ya sake shi, harsashin yana iya cijewa a hanya. Gefen riga ma yana iya shiga. Ɗora harsashin farko yana cikin matakan da bindiga ta fi cijewa, kuma mai barin maƙogwaro wayam ya ɗauki wannan mataki daga ɗakinsa, inda yake cikin natsuwa da haske, ya kai shi daƙiƙar da ta fi kowace muni a rayuwarsa.

Bindigar zamani kuma ba ta Colt ta 1873 ba ce. Glock 17, wadda rundunar Ostiriya ta karɓa a farkon shekarun 1980, ba ta da makullin da ake turawa da babban yatsa, amma tana da matakan tsaro uku a cikinta: ɗan harshe a jikin kunama wanda sai yatsa ya danne shi, wani ƙarfe da ya tare hanyar allura, da kuma abin da ke hana ta kufcewa in bindigar ta faɗi. Dukansu ba sa buɗewa sai an ja kunama. Yawancin bindigogin da ake sayarwa yau a kan wannan tunani aka ƙera su, shi ya sa kusan dukkan 'yan sandan Amurka da harsashi a maƙogwaro suke fita aiki.

Da a nan maganar ta tsaya, da ba gardama. Amma masu cewa a bar maƙogwaro wayam suna da lissafin da ban ga wanda ya rushe shi ba, kuma ina jin haushin yadda wasu masu koyarwa ke yi musu dariya suna kiran su matsorata. Lissafin shi ne: mutumin da yake ɗaura bindiga da safe ya kwance da dare ya taɓa ta sau 730 a shekara, sau 7,300 a shekara goma, ban da shiga banɗaki, da shiga mota, da wurin da aka hana shiga da makami sai ya cire ya ajiye. Ranar harbi don kare kai kuwa, yawancin masu ɗaukar bindiga har su mutu ba za ta zo musu ba. To ga haɗari ƙarami da ake maimaitawa dubban lokuta, ga kuma haɗari babba da mai yiwuwa ba zai taɓa zuwa ba. Wanne ya kamata mai iyali ya fi tsoro? Bindigar da ba harsashi a maƙogwaronta tana yafe kuskure guda. Wadda take a shirye ba ta yafe ko ɗaya.

Kurakuran kuma ba na jahilai kaɗai ba ne. A watan Nuwamban 2008 Plaxico Burress, shahararren ɗan wasan ƙwallon Amurka, ya shiga wani gidan rawa a New York da Glock soke a ƙugun wando, ba kube. Ta zame tana gangarawa, ya kai hannu ya cafke, yatsa ya faɗa kan kunama, ya harbi cinyarsa, daga baya aka yanke masa shekara biyu saboda ba shi da izinin riƙe ta a jihar. A watan Yunin 2018 wani jami'in hukumar FBI yana rawa a birnin Denver ya yi alkafura, bindigarsa ta fice ta faɗi ƙasa. Faɗuwar ba ta tayar da ita ba, ƙirarta ta yi aikinta. Da ya yi wuf ya ɗauka ne ta tashi, ta sami wani mutum a ƙafa. A gundumar Los Angeles, da ofishin sharif, wato rundunar 'yan sandan gundumar, ya sauya daga bindigar Beretta mai nauyin kunama zuwa wata ƙira mai sauƙin ja, harbin kuskure tsakanin jami'ansa ya tashi daga 12 a 2012 zuwa 30 a 2014. Jami'an nan mutane ne masu horo da albashi a kan riƙe bindiga.

Wani zai ce to a ƙara wa kunamar nauyi. Birnin New York ya gwada. Kunamar Glock ta asali nauyin kilo biyu da rabi take buƙata, rundunar 'yan sandan birnin ta sa aka mayar da tata sama da kilo biyar. Duk da haka a watan Nuwamban 2014 wani sabon ɗan sanda, Peter Liang, yana sintiri a matakalar wani bene mai duhu a Brooklyn da bindiga a hannu, ya ji motsi, ya razana, bindigar ta tashi. Harsashin ya daki bango ya karkata ya kashe Akai Gurley, ɗan shekara 28, wanda ba ruwansa da komai, saukowa kawai yake yi. Masu nazarin jijiyoyi sun daɗe da bayyana abin da ke faruwa: in mutum ya firgita, ko ya yi tuntuɓe, ko ya damƙi wani abu da ƙarfi da ɗaya hannun, yatsun hannun da ke riƙe da bindiga sukan dunƙule da kansu, da ƙarfin da ya zarce kilo biyar nesa ba kusa ba. In yatsa yana cikin zoben kunama a wannan lokaci, niyya ba ta da amfani.

Sai kuma labarin da ya fi tsaya mini a rai. A ƙarshen Disamban 2014, a wani babban kanti a garin Hayden na jihar Idaho, wata mata mai shekara 29, masaniyar kimiyya, wadda ta tashi cikin masu harbi kuma take da lasisi, ta ajiye jakarta a keken sayayya kusa da ɗanta mai shekara biyu. Jakar ma ta musamman ce, mai aljihun bindiga da zif. Ta juya, yaron ya zuge aljihun, ya sa hannu, bindigar ta tashi, uwar ta mutu nan take. Yaro ɗan shekara biyu zai iya jan kunama. Ɗana bindiga kuwa ya fi ƙarfin hannunsa. Duk mai cewa maƙogwaro wayam ba shi da wata fa'ida, ya tsaya a gaban wannan labari ya sake faɗi.

Ko amanar da ake ba ƙira ma tana da iyaka. Bindigar SIG Sauer P320, wadda sojan Amurka ya zaɓa a watan Janairun 2017, a cikin wannan shekarar aka nuna cewa tana iya tashi in ta faɗi ta wata kusurwa, kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta ga masu ita. A 2023 binciken jaridar Washington Post da kafar labarai ta The Trace ya tattaro mutum sama da 100 da suka ce tasu ta tashi ba su taɓa kunama ba, wasu ma tana cikin kube. A 2024 masu taya alƙali yanke hukunci a Jojiya da Filadelfiya sun ba wasu mutum biyu da suka ji rauni diyya, ɗaya dala miliyan 2.35, ɗaya miliyan 11. Kamfanin yana musanta cewa bindigar tana tashi da kanta, kuma ana ci gaba da shari'o'i. Ko ma ina gaskiyar ta faɗi, wanda zai ɗora harsashi ya soke bindiga a gaban mararsa, inda bakinta ke kallon babbar jijiyar cinya, wajibi ne ya san tarihin ƙirar da ya saya.

To ina na tsaya? In aka duba waɗannan labarai ɗaya bayan ɗaya, ban da rigimar P320, za a ga abu guda yana dawowa: wani abu ya taɓa kunama a lokacin da bai kamata ba. Yatsan mai ita, ko yatsan yaro, saboda kunamar tana buɗe. Burress ba shi da kube. Ta jami'in Denver ta fice daga jikinsa. Liang yatsansa ya kai inda bai kamata ba. Ta matar Idaho ba ta jikinta. Barin maƙogwaro wayam zai iya rufa wa waɗannan kurakurai asiri, gaskiya ne, amma bai gyara ko ɗaya ba, kuma yana zuwa da wata cuta tasa da ba a cika faɗi ba. Yana koya wa hannu sakaci. Mutumin da ya saba cewa tasa ba ta ɗane, a hankali zai fara sa yatsa inda bai dace ba, ya juya bakinta inda ya ga dama, don a ransa ba komai a ciki. Sai ranar da ya ji motsi da dare ya ɗana ta, ya ga ashe kyanwa ce, ya koma barci ya manta. Kalmar da aka fi ji bayan harbin kuskure ita ce: wallahi na ɗauka ba harsashi. Ƙa'idar Cooper ta farko, cewa kowace bindiga a ɗauke ta a matsayin mai harsashi a kowane lokaci, ta fi sauƙin kiyayewa ga wanda ya san tasa kullum haka take. Ga kuma yawan ɗorawa da saukewa: duk lokacin da aka ja ƙarfen sama an buɗe ƙofar kuskure, kuma harsashin da aka yi ta cusawa ana fitarwa kansa yakan nutse cikin kwansonsa, abin da ke ƙara matsin wuta fiye da ƙima in aka harba shi.

Saboda haka ra'ayina shi ne, mutumin da doka ta ba shi dama, yake da bindigar zamani mai tare allura, da kube mai tauri wanda aka ƙera don wannan ƙirar ya rufe kunama ruf, a ɗaure a jikinsa, kuma ya yi horo a gaban malami har cire yatsa daga kunama ya zame masa jiki, wannan ya ɗauke ta da harsashi a maƙogwaro. In ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ya faɗi, maganar ta canza. Wanda kuma ya ce shi bai yarda da hannunsa ba, ya faɗi gaskiya mai daraja, kada kowa ya kunyata shi. Abin da zan ce masa shi ne rashin yardar nan ba a maƙogwaro take ba, a horo take, kuma in bai da lokacin horon, ya sake tunani a kan fita da bindigar tun daga tushe, don a ranar tashin hankali sai ya ɗana ta, ya riƙe ta a ɗane cikin mutane, sannan ya sauke ta hannunsa na rawa.

Akwai gwajin da malamai da yawa ke ba sabon shiga, kuma na ga hikimarsa. A tabbatar ba harsashi a maƙogwaro, a ɗana bindigar a haka kafin a sa magazin, a soke ta a kube, a yi harkokin yini da ita: tuƙi, sunkuyo, ɗaukar kaya, zama da tashi. Da dare a duba ko kunamar ta faɗa. A yi haka mako biyu ko wata guda. In ko sau ɗaya aka tarar ta faɗa, kuben ko ɗabi'ar mai shi akwai gyara, kuma an gano ba tare da jini ba. In ba ta taɓa faɗawa ba, mutum ya ga amsa da idonsa, ba da bakin wani ba. Wuri mafi haɗari a duk yinin shi ne mayar da ita kube, inda bakin riga ko igiyar jaket kan shiga zoben kunama, mai ita yana turawa, rigar tana ja. Masu sa kaftani da manyan riguna sun fi kowa buƙatar lura da wannan. Ba wanda ke bin ka a lokacin mayarwa, don haka a yaye riga, a kalli bakin kuben, a sa a hankali. Da dare kuma a ciro kuben da bindigar tare, kada a raba su, a kulle a akwati.

Akwatin nan ya fi maƙogwaro muhimmanci in aka dubi alƙaluma. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka. Daga ciki 26,328 kansu suka kashe, 20,958 kisan kai ne, na kuskure kuma 549. Matashin da baƙin ciki ya rufe shi, in ya tarar da bindigar ubansa a aljihun tebur, ɗana ta ba zai gagare shi ba. Makullin akwati ne kaɗai zai tsaya tsakaninsu.

Inda ba na sassautawa shi ne bindigar da ba ta jikin mai ita: a jakar hannu, a aljihun mota, a ƙarƙashin matashin kai, a saman kabad inda ake ganin yaro ba zai kai ba. Duk hujjar harsashi a maƙogwaro ta ginu ne a kan cewa kunama a rufe take kuma hannu ɗaya ne kawai zai kai gare ta. Da zarar jakar ta sauka daga kafaɗa ta hau keken sayayya, ko kujerar baya, ko gadon maƙwabciya da aka je barka, wannan hujja ta rushe. Mace mai goyo da ta tambaye ni, zan ce mata ta nemi kuben da zai zauna a jikinta. In suturarta ko aikinta ba za su bari ba, sai dai jaka, to maƙogwaro ya zauna wayam, jakar kuma kada ta bar kafaɗarta muddin akwai yaro a ɗakin.